Faifan Garmaho da Wasan Fargaba

A kowace ƙasa da na'urar ɗaukar murya ta shiga, a kan sami wani irin mutum wanda jama'a su kan rasa inda za su ajiye shi. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya kuwa cin haƙƙin kowa. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne tsofaffin fayafayai na waƙoƙin mutanen da suka daɗe da rasuwa, da kuma wasannin talabijin irin waɗanda a ke kisan kai a cikinsu, ɗan sandan ciki ya yi ta bin sawu har ya kama mai laifi. Irin wannan mutum ya kan yi tafiyar yini guda don kawai ya ji an ce wani tsoho a wani gari yana da faifan da shi ba shi da shi. In dare ya yi kuma ya zauna gaban akwatin talabijin ya ƙura ido, ko sallama aka yi masa sai an maimaita.

Malami ya kan ce da shi ya shagala, ya ba da lokacin da za a tambaye shi a kansa gobe kiyama ga abin da ba shi da lada. Mai tattali ya kan ce yana ɓarnar kuɗi a kan tarkace. Waɗannan zargi biyu tsofaffi ne, an yi su ga mai dara, an yi su ga mai kiwon tantabaru, amsarsu kuwa ba ta wuce a ce kome ya wuce kima ya zama aibi. Akwai zargi na uku wanda ya fi su kaifi, shi ne ya cancanci a tsaya a kansa. A kan ce mutumin nan ya fi son matattu da rayayyu, ya kuma mai da zub da jinin ɗan Adam abin hira bayan cin tuwo. In wannan gaskiya ne, to, ba ƙaramin abu ba ne, don ya taɓa halin mutumin, ba aljihunsa kaɗai ba.

Kafin shekarar 1877, sa'ad da Thomas Edison na Amurka ya ƙago na'urar da ke kama magana ta maido da ita, duk wanda ya mutu da muryarsa ya ke tafiya. Rubutu ya kan tsare kalmomin mutum, amma ba ya tsare yadda ya ke jan numfashi, ko inda ya ke sassauta murya, ko 'yar dariyar da ta kan kuɓuce masa a tsakiyar baiti. Bayan shekara goma, a 1887, Emile Berliner ya fito da faifai mai faɗi irin wanda aka sani da faifan garmaho. Da wani irin ƙaro a ke yinsa, wanda wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasar Indiya da maƙwabtanta. Yana juyawa sau 78 a minti guda, fuska ɗaya ta faifai mai inci 10 ba ta ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. Allurar ƙarfe ce ke bin layinsa, ita kuwa tana cinsa kaɗan kaɗan duk sa'ad da aka kunna, har a kan shawarci mai garmaho ya sake allura bayan kowace fuska. In ya faɗi ƙasa kuma sai ya tarwatse kamar tangaran. Watau abin da aka yi don ya tsare murya shi kansa mai ƙarewa ne, kuma jin sa ne ke ƙarar da shi.

A kan wannan abu mai rauni ne aka ɗauki muryar Enrico Caruso, mawaƙin Italiya, a wani masauki a birnin Milan cikin 1902. Ya rasu a 1921, amma har yau wanda ya so zai ji shi. Wani kamfanin garmaho na Ingila ya sayi wani zane a 1899 ya mai da shi tambarinsa, hoton kare ya karkata kai yana sauraron bakin garmaho. Labarin da a ke bayarwa shi ne karen na ɗan'uwan mai zanen ne wanda ya riga ya rasu. Ko ba a faɗa wa mutum labarin ba, in ya dubi hoton zai ga kansa a ciki, in dai ya taɓa jin muryar wani nasa da ya shuɗe ta fito daga akwati.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan sauraron waƙa. Gundarin maganarsa shi ne waƙa ba ta zuba wa zuciya abin da babu shi a cikinta, tana motsa abin da ta tarar ne kawai, saboda haka hukuncinta ya kan bambanta bisa ga mai saurare da halin da ya ke ciki. Wasu malamai sun saɓa masa, sun tsananta, wannan kuwa saɓani ne da ba zai ƙare a wannan takarda ba. Amma in aka ɗauki ma'auninsa aka auna mai tsohon faifai, me waƙar ke motsawa a zuciyarsa? Galibi ba mawaƙin ya ke nema ba. Dattijon da ya kunna waƙar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ƙuruciyarsa ya ke nema, da tashar motar da ya fara jin waƙar, da abokan da suka ji ta tare waɗanda yanzu rabinsu suna ƙasa. Wannan ba abin zargi ba ne. Tuna mutuwa da shuɗewar zamani abu ne da malamai da kansu ke horo da shi, ba a kuwa ce sai a maƙabarta kaɗai a ke samunsa ba.

Aibin yana wani wuri dabam, kuma masu son faifai ba su cika son a ambace shi ba. Son mawaƙin da ya mutu so ne mai araha. Ba ya roƙon riga, ba ya zuwa ƙofar gida da makaɗa goma sha biyu a ce sai an ciyar da su, ba ya yi wa kowa zambo in an hana shi. An kulle shi a akwati, sai an ga dama a buɗe, in an gaji a rufe. Robert Johnson, wani baƙar fata mai garaya irin ta Turawa a kudancin Amurka, waƙa 29 aka ɗauka daga bakinsa a 1936 da 1937, ya mutu a 1938 yana da shekara 27, cikin talauci, ba wanda ya kula. Bayan shekaru masu yawa sai ga masu kuɗi suna rige-rigen sayen faifansa da abin da shi bai taɓa riƙe kwatankwacinsa ba. Ana iya cewa ai ba laifinsu ba ne, ba su zo a zamaninsa ba. Haka ne. Amma a zamanin nasu ma akwai wani mai irin baiwarsa yana yawo da yunwa, su kuwa sun juya masa baya suna cewa waƙa ta ƙare tun da su wane suka tafi. Wanda ya ke faɗin haka ya manta cewa su wanen nan ma, sa'ad da su ke raye, dattawan lokacin cewa su ke yi ba su kai na da ba.

Akwai kuma wata matsala wadda ta fi shafar waƙoƙin fada. Makaɗin sarki irin Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, ko Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, a gaban mutanen da suka san wanda a ke yabo su ke waƙa. In mawaƙi ya ce ubangidansa ya fi ruwan sama kyauta, fadawa da talakawa sun san iyakar kyautar, su kan ji daɗin maganar su kuma rage mata abin da ya kamata a rage. In ya yi habaici ga wani ɗan sarki, kowa ya san cewa gardamar sarauta ce, mai yiwuwa ne wanda a ke muzantawa ya fi wanda a ke yabo kirki. To, yau da yawan waɗannan masu ragewa sun mutu. Littattafan kotun alƙali da takardun haraji da za su nuna yadda wane ya riƙe ƙasarsa, da yawansu gara ta cinye a ɗakin ajiya. Waƙa kaɗai ta rage, tana ta yabo ba mai katse ta, tana ta zambo ba mai kāre wanda aka zamba. Shaida guda ce a shari'ar da sauran shaidu suka ƙaura, kuma shaida ce da aka biya da doki da riga. Mai sauraro in ya ɗauke ta a matsayin tarihi ya zalunci mutanen da ba su da bakin magana. Duk da haka ba a jefar da ita, don a cikinta ne a ke tsintar sunayen garuruwa da salsalar gidajen sarauta da kalmomin Hausa da suka fita daga bakin mutane. Sai dai a ji ta kamar yadda alƙali mai hankali ke jin shaidar bara a kan ubangidansa.

Batun wasan fargaba ya fi wannan wuya, don a nan ba a iya fakewa da cewa ana tuna magabata. Mutum ne ya ci ya ƙoshi, ya zauna don ya ga an shaƙe wata mata ko an zuba wa wani guba, in kuwa ba a yi kisan da wuri ba sai ya ce wasan ba shi da daɗi. Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Agustin, babban malamin Kirista wanda aka haifa a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya yi ta wajen shekara ta 400, yana mamakin yadda mutum ke biyan kuɗi don a sa shi baƙin ciki a gidan wasa a kan abin da ba zai so ya same shi ba. Shi ya ɗauki abin ciwo ne na zuciya. Tun kafinsa da ƙarni bakwai Aristotal na Yunan ya ga akasin haka, ya ce tsoro da tausayin da wasa ke tayarwa suna wanke zuciya ne. Har yau ba a raba wannan gardama ba, dalili kuwa shi ne kowannensu ya faɗi gaskiya a kan wani irin wasa da wani irin mai kallo.

Alfred Hitchcock, Baturen Ingila wanda ya yi suna a Amurka, ya gabatar da irin waɗannan wasanni a talabijin daga 1955 zuwa 1965, ya kuma bayyana sirrin sana'arsa da misali. Mutum biyu suna zaune suna hira, akwai bom a ƙarƙashin teburinsu. In mai kallo bai sani ba, bom ya tashi, zai firgita na ɗan lokaci kaɗan, shi ke nan. In kuwa an nuna masa bom ɗin tun farko, an nuna masa agogo, to, duk hirar banza da mutanen nan ke yi za ta zama masa azaba, yana ji kamar ya yi musu ihu su tashi. Wannan misali yana da amfani ga mai neman hukunci, don ya nuna cewa abin da ke riƙe mai kallo a kujera ba jinin ba ne. Tsoro ya ke ji saboda wani, yana so ya cece shi ba hali. Zuciyar da ke bugawa don baƙon da ba ta sani ba, wanda ma babu shi, ba za a ce ta mutu ba.

Amma Hitchcock ɗin nan ya san wata dabara kuma, ita ce abin tsoro. Duk wanda aka bi da na'urar ɗaukar hoto, aka nuna damuwarsa da zufarsa, mai kallo zai koma bayansa ko da shi ne azzalumin. A wani wasa da ya nuna a 1958, wata mata ta kashe mijinta da cinyar rago wadda ta daskare da ƙanƙara, sa'an nan ta gasa cinyar ta ba 'yan sandan da suka zo neman makamin suka cinye. Ba mai kallon da ba ya dariya a wurin nan, ba kuwa wanda ke so a kama ta. Da ya ke ƙa'idar talabijin ta Amurka a lokacin ba ta yarda a nuna mai laifi ya tsira ba, sai Hitchcock ya fito bayan wasan ya ce ai daga baya an kama ta, ya faɗe shi kuwa da irin muryar da kowa zai gane ba'a ya ke yi. Cikin rabin sa'a an ɗauki mutumin kirki an sa shi ya yi murna da kisa. Gobe zai tashi ya tafi aikinsa bai kashe kowa ba, lalle. Amma an nuna masa cewa amincewarsa da ƙin yardarsa suna hannun wanda ya iya tsara labari, wannan kuwa darasi ne da ya kamata ya hana shi barci fiye da kisan.

Akwai wasannin da suka bi wata hanya. A cikin Columbo, wanda Peter Falk ya fara fitowa a cikinsa a 1968, tun a farkon kusan kowane kashi a ke nuna mai kisan da yadda ya yi. Galibi attajiri ne ko mashahurin mutum mai ji da wayonsa. Sa'an nan sai ga ɗan sanda cikin tsohuwar kwat yamutsattsiya, kamar ba ya gane kome, yana ta 'yan tambayoyi har ƙarya ta warware da kanta. Mai kallo ba ya jiran ya san wane ne, ya riga ya sani. Jira ya ke ya ga gaskiya ta fito a kan wanda ya ke tsammanin ya fi ƙarfinta. A cikin The Fugitive kuma, wanda aka yi daga 1963 zuwa 1967, likita ne aka yanke wa hukuncin kisa a kan matarsa alhali ba shi ya kashe ta ba, ya tsere yana neman mai hannu ɗaya da ya gani a daren. Ran da aka nuna kashi na ƙarshe, cikin watan Agusta 1967, mutum fiye da miliyan 70 suka zauna kallo a Amurka, don su ga an wanke wanda aka zalunta. Ƙishin da ya tara wannan jama'a ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun allo. Ba a haɗa maganar Allah da wasan talabijin, amma duk yaron da aka fassara wa Suratu Yusuf ya san yadda zuciya ke sanyi sa'ad da aka duba rigar aka ga ta baya ta yage, hujja ta wanke wanda aka yi wa ƙazafi.

Sai dai ko wannan irin mai kyau yana da dafinsa, kuma dafin ya fi na wancan ɓoyuwa. Mai kallo ya ga kisan da idonsa, saboda haka ba ya taɓa shakka. Ya saba da duniyar da a ke gane mai laifi cikin sa'a guda, hujja ta zo cif, mai laifi ya sunkuyar da kai ya amsa. A kotun gaskiya ba wanda aka nuna wa farkon labari. Alƙali ya kan zauna ne tsakanin mutum biyu kowa na rantsuwa, shaidu sun manta ko an saye su, wata shari'ar ta shekara ba ta ƙare ba, wata kuwa sai a lahira. Mutumin da ya sha wasannin nan ya ƙoshi ya kan fito da tabbacin da bai wahala a kansa ba. Ya dubi maƙwabci ya ce idonsa na marasa gaskiya ne, ya ji an yi ihun ɓarawo a kasuwa ya ɗauki dutse, don a ransa ya riga ya ga kashi na farko. Abin mamaki shi ne Columbo kansa haƙuri da tambaya ya ke koyarwa, amma abin da ya fi saurin shiga mai kallo shi ne daɗin kasancewa wanda ya sani.

To, me ya haɗa son faifai da son wasan fargaba a zuciya ɗaya, alhali ɗaya an san ƙarshensa tun kafin a ɗora allura, ɗayan kuwa don rashin sanin ƙarshe a ke kallonsa? Mai yiwuwa ne abin da ya haɗa su shi ne dukansu suna da ƙarshe. Waƙa ta kan cika cikin minti uku, shari'a ta kan yanke kafin a rufe tasha, alhali al'amuran mutum na yau da kullum ba sa rufuwa haka, bashi da rashin lafiya da gardamar gado sai su bi shi har kabari. Wanda ya huta a inuwar nan sa'a guda ya koma bakin aikinsa bai yi laifi ba. Wanda ya tare a can, iyalinsa suna magana yana cewa a yi shiru Shata na waƙa, shi ne zargi na uku ya kama.

Akwai kuma wani abu da ya wajaba a faɗa don a yi wa mutanen nan adalci. Hukumomin da aka ɗora wa tsaron waɗannan abubuwa sau da yawa su ne suka hallaka su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ƙaron faifai ya yi wuya a Amurka, aka bi gida gida ana tattara tsofaffin fayafayai ana narkarwa don a yi sababbi. Gidan BBC na Ingila ya yi shekaru yana goge faifan bidiyo na wasanninsa don a sake ɗaukar wani abu a kai, saboda tsadarsa, bai daina ba sai wajen 1978. Ta haka kashi da dama na wasan Doctor Who suka ɓace. Da ya ke a kan aika da kofe na fim zuwa tashoshin ƙasashen waje, wannan ta gama ta miƙa wa waccan, sai wani mai naci, Philip Morris, ya yi ta bin sawunsu ƙasa ƙasa. A 2013 aka ba da sanarwar ya sami kashi tara da aka fid da rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, sun yi shekaru kusan arba'in a kan kanta ba wanda ya taɓa. Abin da masu shi suka zubar, mantuwa ta tsare, mai son abin ya tono.

Wannan ya mai da mai tarin fayafayai ma'aji, ko ya so ko bai so ba, ma'aji kuwa a kan tambaye shi. In faifan da ke hannunsa shi kaɗai ya rage a duniya, kuɗinsa ne ya saya, amma muryar da ke ciki ba tasa ba ce, ta mawaƙin ce da zuriyarsa da duk masu jin harshen. Akwai masu tarin da ke hana a kwafa, don daɗinsu shi ne a ce ba mai shi sai su. Yau kuwa kwafar faifai zuwa kwamfuta ba ta ɗaukar yini, ba ta kuma rage masa kome. Irin wannan mai rowa ya kan mutu ya bar akwatin a ƙarƙashin gado. Masu rabon gado su zo su ƙidaya gida da gona da tufafi, su buɗe akwatin su rasa kuɗin da za su sa masa, sai a tura shi zaure. Zafin bazara ya lanƙwasa na roba, yara su ɗauki na ƙaro suna gara su a tsakar gida.